Laifin me awara ta yi wa maza?

Tun bayan ƙaramar Sallah wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanenmu na Agege. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi aikinsa ba, amma murya gare shi irin ta wanda ya saba a saurare shi. Cewa ya yi waken suya cike yake da homon ɗin mata, wato sinadarin jiki da ke ba mace siffarta ta mace, duk namijin da ya lazimci awara ko madarar waken suya maniyyinsa zai tsinke, ƙarfinsa ya ragu, daga baya ma nono ya fito masa. Ya rufe da cewa da gangan aka kawo mana waken don a rage mana yawa. Sau uku saƙon ya shigo mini ta wurare daban, har da zauren WhatsApp na masallacin layinmu.

Gara in faɗi inda na tsaya tun yanzu, kada wani ya tono daga baya. Uwargidana awara take yi ta sayarwa, kuma kasuwarta ta ɗan ja baya tun fitowar saƙon nan. Samarin da suka saba tsayawa da yamma su sayi ta ɗari biyar da yaji da kabeji, yanzu wasu sai su aiko yaro, wai ta gida ce za a kai wa mata. Ni kuma aikina awo ne a ɗakin gwaji na wani asibitin kuɗi a wajen Ikeja: jini, fitsari, majina, da maniyyi. Wanda ya ga dama ya ce kare tukunyar gidana nake yi. Ba zan musa ba, amma ya daure ya karanta zuwa ƙarshe, don abin da zan kawo ba a ɗakin girkinmu aka gano shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Maganar tana da tushe, kuma tushen ba ƙarya ba ne. Akwai wasu sinadarai a cikin waken suya da ake kira aisofilabon, manyansu biyu su ne jenistin da daidzin. Ƙirarsu ta yi kama da ta isturojin, homon ɗin da ya fi yawa a jikin mace. Jikin ɗan Adam, mace da namiji, yana da wasu kafofi a cikin ƙwayoyinsa da isturojin ke shiga ya ba da umarni. Ka ɗauke su kamar kwaɗo, isturojin shi ne makullinsa na asali. Aisofilabon kuwa makulli ne irin wanda ake yanka maka a bakin titi: yana shiga ramin, wani lokaci ya ɗan murɗa, wani lokaci ya maƙale ya hana na asalin shiga, amma ba ya buɗewa yadda na asali ke buɗewa. Ƙarfinsa bai kama ƙafar na isturojin ba, kuma kafofin iri biyu ne, ya fi manne wa guda ɗaya. Shi ya sa cewa “homon ɗin mata ne a cikin wake” ta yi gajarta ƙwarai. Kuma bari in ƙara wani abu da ba kowa ya sani ba: kowane namiji lafiyayye jikinsa da kansa yana yin isturojin, daga testosteron ɗinsa, wato homon ɗin maza, yake juya shi, kuma ƙashinsa da sha'awarsa suna bukatarsa.

Tsoron ma ba daga mutane ya faro ba, daga tumaki ne. A shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostareliya suka ga tumakinsu sun daina ɗaukar ciki yadda suka saba. Da aka bi diddigi aka gano wata ciyawa ce mai suna kuloba da aka shuka musu a makiyaya, tana ɗauke da irin waɗannan sinadarai da yawa. Tumakin nan ita suke ci safe da yamma, wata da watanni, babu sirki, kuma tumbin dabba mai tuƙa yana juya sinadarin ya zama wani mai ƙarfi. Matan ne kuma abin ya fi kamawa. Sai a 1987 aka sake samun makamancin haka a gidan namun daji na Cincinnati a Amurka, inda wasu dabbobi dangin damisa suka kasa haihuwa, hantarsu ta taɓu, aka danganta abin da waken suyan da ake cuɗa musu a abinci. Dangin kyanwa hantarsu ba ta iya sarrafa irin wannan sinadari ta fitar da shi da sauri kamar tamu. Daga nan sai gwaje-gwaje a kan ɓeraye, waɗanda ake ɗura wa abin da mutum ba zai iya ci ba ko da gasa ake yi.

A kan mutane kuwa, binciken da ya fi tayar da ƙura shi ne na 2008, wanda Jorge Chavarro da abokan aikinsa na jami'ar Harvard suka fitar. Ina kyautata zaton jikan jikansa ne ya iso Agege a saƙon murya. Maza 99 suka duba, dukkansu waɗanda suka je asibiti da matansu neman haihuwa. Aka tambaye su abin da suka ci na waken suya cikin wata uku da suka wuce, aka auna maniyyinsu. Waɗanda suka fi ci, aka samu ƙwayoyin maniyyinsu sun gaza na waɗanda ba sa ci da kimanin miliyan 41 a kowace mililita. Wannan adadi ba wasa ba ne, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba don kawai matata na soya awara.

Sai dai akwai sauran bayani a cikin takardar da ba ya shiga saƙon murya. Mutanen nan ba daga titi aka tsinto su ba, masu matsalar haihuwa ne tun asali. Kashi 72 cikin ɗari nasu masu ƙiba ne ko waɗanda nauyinsu ya wuce kima, kuma a cikinsu ne alaƙar ta fi fitowa. Motsin ƙwayoyin da siffarsu, abubuwa biyun da ni a wurin aiki na fi zuba wa ido, ba a ga waken ya taɓa su ba. Sannan tambayar mutum aka yi me ya ci, ba ciyar da shi aka yi aka ga abin da ya biyo baya ba. Ni da nake tambayar majinyata ko sun karya kumallo kafin awon suga su yi ta inda-inda, na san darajar amsar “me ka ci wata uku da suka wuce”.

Da aka zo ciyarwar, labari ya canza. A Kanada, a 2010, an ba samari lafiyayyu 32 garin furotin na waken suya kullum na tsawon kwana 57, aka auna maniyyinsu kafin da bayan. Yawa, motsi, siffa, babu abin da ya gusa. Ƙorafina ɗaya da wannan gwaji shi ne kwanakin sun yi kaɗan, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala ginuwa a cikin maraina. Amma a 2015 su mutanen Harvard ɗin da kansu suka koma suka duba maza 184 da ake yi wa matansu dashen ciki a asibiti, don su ga ko cin waken suyan miji yana rage samun ciki ko haihuwar ɗa mai rai. Bai rage ba. Kuma ai wannan ce tambayar da ta dami mai neman haihuwa, ba lissafin miliyoyi ba.

Batun testosteron ya fi wannan fitowa fili. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza aka haɗa sakamakonsu a 2010, aka sake yi a 2021 da bincike 41. Duka biyun abu ɗaya suka nuna: waken suya ko aisofilabon bai rage testosteron ɗin maza ba, na 2021 ya ƙara da cewa bai ɗaga musu isturojin ba. Gaskiya ɗaya daga cikin marubutan yana da alaƙa da masu sana'ar waken suya a Amurka, kamar dai yadda nake da alaƙa da kaskon uwargida, don haka mai shakka yana da hujjar ɗaga gira. Amma gwaje-gwajen da aka tattara ba shi ya yi su ba, mutane daban-daban ne a ƙasashe daban-daban.

To maganar nono fa? Ita ma ta faru, kuma ga yadda ta faru. A 2008 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 60 da nonuwansa suka kumbura suna masa ciwo, isturojin ɗinsa ya hau. An yi ta bincike ba a ga dalili ba, sai daga baya ya ce yana shan madarar waken suya kusan lita 3 a kullum. Da ya daina, jikinsa ya koma daidai. A 2011 aka sake ba da rahoton wani saurayi ɗan shekara 19 mai ciwon suga, wanda ya bar nama da duk abin da ya fito daga dabba ya koma kan waken suya, har yana cin aisofilabon miligram 360 a rana. Sha'awarsa ta ɗauke, testosteron ɗinsa ya faɗi. Shi ma da ya bari, cikin shekara guda ya dawo. Don a gane girman miligram 360: gram 100 na awara yana ɗauke da kimanin miligram 20 zuwa 30. Kenan sai mutum ya ci fiye da kilo guda na awara kowace rana ta Allah, wata da watanni. Dattawan Japan da suka tashi da wannan abinci tun yaye, abin da suke ci a rana bai cika wuce miligram 25 zuwa 50 ba.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake awara ba zai ɗauka wani haɗi ake yi mata. A gidanmu tun dare ake jiƙa waken. Da asuba a murje shi a wanke, ɓawon ya taso a kwashe, yaro ya kai inji. In an dawo da ƙullun sai a ƙara ruwa a tace da ƙyalle mai laushi, madara ta sauka a baho, dusar ta rage a ƙyalle. Dusar nan ba a zubarwa, masu kiwon raguna na bayan layi suna zuwa karɓa, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce ragonsa ya daina bin tumaki ba. Madarar a ɗora ta a babbar tukunya, a tsaya a kanta don in ta tafaso ba ta da kunya, yanzu ta malale a murhu. Daga nan a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, na kamun koko da ya kwana, sai ka ga ta tsinke, fari ya dunƙule ya taso, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya ware. A kwashe a zuba attaruhu da albasa da gishiri, a ɗaure a buhu, a danne da dutsen niƙa har ruwan ya tsane. Wani kaso na aisofilabon ɗin ma a wannan ruwan yake tafiya. Da la'asar a yanka a soya. Shi ke nan. Man waken suya kuwa, wanda wasu suka fara gudu a kanti, kusan babu aisofilabon a cikinsa sam.

Kuma waken nan ba jiya ya zo ba. Tun 1908 aka shigo da shi Najeriya, Binuwai ta daɗe tana nomansa, kudancin Kaduna sun daɗe suna daddawa da shi, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aiki sosai a shekarun 1980 wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Yaran da suka tashi suna cin awarar naira biyar a ƙofar makarantar allo a Kano da Zariya, yau su ne iyayen yara shida da bakwai.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ma ba kasuwar uwargida ba ce. Abin da nake gani a wurin aiki ne.

Yawanci mace ce ke fara zuwa. Ta yi awon jini, ta yi hoton mahaifa, an duba bututunta, ta sha magani na asibiti da na gida har ta gaji. Wata an riga an yi mata kishiya, ita ma kishiyar shiru. Sai likita ya matsa a zo da maigida. In ya zo, zai tsaya daga bakin ƙofa, takardar a ninke cikin tafin hannu, in ya ji na yi masa Hausa sai fuskarsa ta nuna bai san ko murna zai yi ko kunya ba. Kusan kalma ɗaya suke faɗa: “Malam, ni fa lafiyata ƙalau, don dai a fita hakkin likita ne.” Abin da yake nufi shi ne yana iya kwanciyar aure. Nan ne babban ruɗanin yake. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Na sha ɗiga maniyyin ƙato majiyi ƙarfi a kan gilashi, in leƙa madubi in ga fili fetal, ko in ga ƙwayoyin kwance ba mai motsi, wasu da kai biyu, wasu wutsiya a naɗe. Na kuma ga na siririn mutum da iska za ta iya ɗauka, ƙwayoyi na ta tsere kamar an kaɗa su. Kauri ko tsinkewar ruwan da ido ke gani ba ya gaya maka komai, duk maniyyi lafiyayye ma yana tsinkewa da kansa bayan ɗan lokaci da fitowarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun ɓangaren namiji. Mun sani haihuwa ta Allah ce, Ya faɗa a ƙarshen Suratus Shura cewa Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so babu. Ban ga inda aka ce matan aure kaɗai ayar ta shafa ba.

In sakamako ya fito da rauni, likita ya zauna da mutum yana tambayarsa, abubuwan da ke fitowa sanannu ne. Ciwon sanyi da aka ɗauka a samartaka, aka sha kafso biyu daga kemis aka ce ya warke, alhali ya toshe hanya. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka maraina. Kumburin jijiyoyin maraina, wanda ke jikin kimanin maza 15 cikin ɗari, galibi a hagu, kuma ana gyara shi da ƙaramin aiki. Ciwon suga. Taba da wiwi. Tiramol da kodin, waɗanda ke danne testosteron kai tsaye. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma duk wanda ke zaune a Legas ya san hanin bai kai ko'ina ba. Sai teɓa, wadda muke yi wa kirari da alamar hutu: kitse yana da sinadarin da ke juya testosteron ya koma isturojin, don haka mai neman “homon ɗin mata” a jikin namiji ya fara duba gaban rigarsa. Sai zafi. Allah Ya rataye maraina a waje ne don suna bukatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku. Yanzu ka duba sana'o'in mutanenmu a garin nan: direban tirela da ke kwana a layin Apapa a kan kujera mai zafi, ɗan acaɓa da injin ke gasa shi tun safe, mai tsire a gaban wuta, mai gidan burodi a bakin tanda. Ba cewa nake kowannensu zai rasa haihuwa ba, yawancinsu suna da 'ya'ya. Amma in ana lissafin abin zargi, waɗannan suna gaba da awara nesa ba kusa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne allurar testosteron. Samari masu ɗaga ƙarfe suna yi, magidanta masu neman ƙarin kuzari suna yi, wani ma don neman haihuwar yake yi, wai a ƙara masa ƙarfi. In testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata, ta daina aika wa maraina umarni, su kuma su rage yin ƙwaya ko su tsaya cak. Har gwada shi aka yi a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Mutum ya guji awarar ɗari biyu, ya je ya biya dubbai a yi masa wannan. Haka magungunan ƙarfin maza na cikin kwalba da sacet da ake tallarsu da lasifika a Mile 12 da Alaba Rago, an rubuta ganye ne zalla. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irinsu da sinadarin Viagra a ɓoye, abin da ke iya kayar da mai ciwon zuciya.

Rannan a teburin mai shayi wani dattijo da muke sallah tare ya ce mini, “Dakta,” (haka suke kirana, na gaji da gyarawa) “to in babu tabbas ba gara a bari ba? Me za a rasa?” Na ce, “Baba, a bari a ci me?” Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nama da kifi da ƙwai suka yi fiffike. Busasshen waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa furotin ne, kuma mai kyau. Leburan da ke sauke buhunan albasa, in ka hana shi awara, ba tsire zai koma ci ba, burodi da lemon kwalba zai koma, ko taliyar leda. Wannan kuwa ita ce hanyar teɓa da suga da na ambata. Dattijon ya yi dariya ya ce shi dai 'ya'yansa goma sha ɗaya, ko an hana ko ba a hana ba ya gama nasa.

Mai son ya kiyaye, ga iyakar abin da zan iya ce masa. Awara, madara kofi ɗaya ko biyu, daddawa, garin waken suya a kunun yara, duk abinci ne, a ci. Kada dai a mai da shi shi kaɗai ne abinci dare da rana, kuma ƙwayoyin aisofilabon na kwalba da ake sayarwa a manyan kantunan magani ba na namiji mai neman haihuwa ba ne, ba shi da abin yi da su. Wanda awonsa ya riga ya nuna rauni, kuma hankalinsa bai kwanta da waken ba, ya bar shi wata uku a sake awo, babu wanda zai ce ya yi laifi, muddin bai tsaya nan ya ƙi bin sauran abin da likita ya ce ba.

Awon kansa ba wani abin tsoro ba ne, kuma yana cikin masu arha a harkar neman haihuwa, bai kai rabin wahalar da mata ke sha ba. In an shekara da aure ana tare babu ciki, miji da mata su je tare. Ana so mutum ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar. Za a ba shi ƙaramar roba mai murfi da ɗaki shi kaɗai. Wanda ya ce ba zai iya a asibiti ba, ko yana da damuwa ta addini a kan yadda za a fitar, ya yi a gida tare da iyalinsa, amma ba a cikin kwaroron roba na kanti ba don yana kashe ƙwayoyin, kuma ya iso da shi cikin awa guda, a aljihun da ke jikin fata. A Legas wannan awa gudan ita ce matsalar, don haka mai zuwa daga Agege ya fito kafin go-sulo ya haɗu, ko ya nemi ɗakin gwaji mafi kusa da shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyakar ƙasa. In an samu ƙasa da haka ba a yanke hukunci da awo ɗaya, domin zazzaɓin maleriya mai zafi da aka yi wata biyu baya ma yana iya kayar da adadin. Sai a jira kamar wata uku a maimaita.